John Reinartz, Baƙon da Ya Share Hanyar Gajeren Zango

Duk ɗan Arewa da ya daɗe a Kurmi, ko a Agege ne, ko Sabon Ibadan, ko Shagamu, ya san darajar akwatin rediyo. Shekara da shekaru, kafin wayar hannu ta zo, ta cikinsa ne ake jin labarin gida, a ji ko damina ta sauka, a ji wanda ya rasu da wanda aka naɗa. Mutum ya murɗa allura zuwa mita 49 ya kamo Kaduna, ko ya kai ta mita 19 ya kamo London. Wannan shi ne gajeren zango. Amma kaɗan ne suka san cewa akwai lokacin da gwamnatoci da manyan masana suka ɗauke shi abin banza, har sai da waɗansu masu ƙaramin ƙarfi suka nuna amfaninsa. Ɗaya daga cikin na gaba-gabansu shi ne John Leonard Reinartz, wanda shi ma baƙo ne a ƙasar da ya zauna, ya yi mata aikin soja a yaƙin duniya biyu, ya kuma shekara 56 yana fama da rediyo.

ASALINSA

An haifi Reinartz ran 6 ga watan Maris, 1894, a garin Krefeld na ƙasar Jamus, kusa da kogin Rhine. Garin ya yi suna wajen saƙar siliki da karan-miski. Shi ne babba a cikin 'ya'ya bakwai. A cikin shekarar 1904, yana da shekara goma, iyayensa suka kwashe iyali suka haye teku zuwa Amurka, suka zauna a South Manchester cikin jihar Connecticut. Wannan garin ma na masaƙa ne, domin a nan ne babbar masaƙar siliki ta Cheney take, wadda ta tara baƙi daga ƙasashen Turai dabam-dabam. Mahaifinsa ya kama noma. Shi kuwa yaron sai ya shiga makaranta da harshen da ba nasa ba, yana kuma 'yan aikace-aikace don ya rage wa gida nauyi.

A cikin 1908 ne, yana ɗan shekara 14, ya ci karo da labarin wayar iska a wata mujalla da ya gani a wani ɗan kanti kusa da makarantarsu. A lokacin yana yi wa wani maƙeri aiki, ana biyansa santi goma a yini. Ya yi ta tara wannan ɗan abin har ya isa sayen wani ɓangare na na'urar tartsatsi, watau irin na'urar da ake aika saƙo da ita a wancan zamani. Sauran kayan kuwa da hannunsa ya haɗa su, da wayar ƙarfe da wayar ƙararrawa da abin da ya samu. Da ya gama, ya fara aika saƙo yana kiran kansa da haruffa biyu na farkon sunansa, J da L, domin a lokacin ba a fara ba da lasin ba. Da ya girma ya kama aiki a masaƙar garin, ya yi aure, amma da ya taso daga aiki sai ɗakin na'urorinsa.

SU WANE NE 'YAN SHA'AWAR REDIYO?

Ya kamata mai karatu ya gane irin mutanen da Reinartz ya shiga cikinsu. Sun bambanta da masu saurare kawai. Mutane ne da ke haɗa na'urar aikawa da ta karɓa a gidajensu, su kafa eriya a kan rufi ko bishiya, su riƙa magana da junansu daga gari zuwa gari, ba don kuɗi ba, don sha'awa da neman sani. A farkon lamarin ba murya ake aikawa ba, bugun waya ne irin na Morse, gajeren ƙara da dogon ƙara, irin wanda aka daɗe ana bugawa a gidan waya da tashoshin jirgin ƙasa.

Da suka yi yawa a Amurka sai suka fara damun jiragen ruwa da sojan ruwa, saƙo yana hawa kan saƙo. Bayan nutsewar jirgin Titanic cikin watan Afrilu, 1912, majalisar Amurka ta kafa dokar rediyo. Dokar ta keɓe dogon zango, wanda aka ɗauka shi ne mai zuwa nesa, ga gwamnati da kamfanoni da jiragen ruwa. Su kuwa 'yan sha'awa aka ce su tsaya a mita 200 zuwa ƙasa. Tunanin masana a lokacin shi ne, gwargwadon gajartar zango, gwargwadon kusancin inda saƙo zai mutu. Watau dai an yi musu irin abin da akan yi wa baƙo, a nuna masa fako a bayan gari a ce ya je ya noma.

Ba su watse ba. A cikin 1914 wani mai ƙirƙire-ƙirƙire, Hiram Percy Maxim, ya kafa musu ƙungiya mai suna ARRL a birnin Hartford, wanda bai fi mil goma daga garin su Reinartz ba. A ƙarshen 1915 suka fara buga mujallarsu, QST. Dabararsu a lokacin ita ce miƙa saƙo daga wannan zuwa wancan, har ya kai inda aka nufa, tun da na'urar mutum ɗaya ba ta kai nesa.

YAƘIN FARKO

Cikin watan Afrilu, 1917, Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta fuskanci Jamus, ƙasar da aka haifi Reinartz. Gwamnati ta rufe tashoshin 'yan sha'awa duka, ta ce a sauke eriya. Lokaci ne mai wuya ga duk mai sunan Jamusawa a Amurka. An hana koyar da Jamusanci a makarantu da yawa, waɗansu ma har sun sake sunayensu don gudun zargi. Reinartz bai sake nasa ba. Ya shiga horon soja a sansanin Upton da ke tsibirin Long Island. Ciwon ido ya kama shi, ya hana shi zuwa fagen fama, sai aka ba shi aikin koya wa sojoji bugun waya, abin da ya fi gwaninta da shi. Da yaƙi ya ƙare, aka sake buɗe wa 'yan sha'awa hanya cikin 1919, ya koma kan teburinsa.

NA'URAR DA TA ƊAUKI SUNANSA

Bayan yaƙi aka fara barin na'urar tartsatsi ana komawa ga ƙwan rediyo, watau wannan kwalba mai haske da ke cikin tsofaffin akwatuna. Matsalar da ta taso ita ce, akwatunan karɓa na lokacin suna da wuyar saiti da tsada. Reinartz ya fito da wata hanyar naɗa waya da haɗa ta da ƙwai ɗaya, wadda ta sa akwati ya yi sauƙin murɗawa, ya kamo zango mai faɗi, ya kuma yi arha. Maimakon ya ɓoye, sai ya buga yadda ake yin ta dalla-dalla a mujallar QST ta watan Yuni, 1921, don kowa ya haɗa tasa. Dubban mutane suka haɗa, a Amurka da Turai da sauran wurare, har sunan Reinartz ya zama sunan irin wannan akwatin. Mutane da yawa da ba su taɓa sanin ko shi wane ne ba sun riƙa kiran sunansa a kantunan kayan rediyo. Shi kuwa yana nan a South Manchester, yana zuwa aikinsa.

DAREN 27 GA NUWAMBA

Tun cikin 1901 Marconi ya aika alama ta haye Tekun Atlantika, daga Ingila zuwa Newfoundland. Amma tashoshin da suka biyo bayansa na dogon zango ne, masu dogayen turaku da manyan injuna da kuɗi mai yawa, sai gwamnati ko babban kamfani. Burin 'yan sha'awa shi ne su haye wannan teku da 'yan na'urorinsu. Cikin watan Disamba, 1921, ƙungiyarsu ta aika Paul Godley zuwa Ardrossan a ƙasar Scotland, ya kafa tanti a cikin sanyi da ruwa, ya ji tashoshin Amurka da dama. Amma ji ne kawai, ba a mayar da amsa ba. Aka sake gwadawa a mita 200, magana da amsa suka ƙi samuwa.

A cikin 1923 wani Bafaranshe, Léon Deloy, mutumin birnin Nice, ya zo Amurka don ya ga yadda 'yan'uwansa suke yi. Ya sadu da Reinartz, suka tattauna a kan wata hanyar haɗa na'urar aikawa da Reinartz ya tsara, wadda ke iya sauka ƙasa da mita 200 sosai. Deloy ya koma gida ya haɗa irinta. Daren 27 ga watan Nuwamba, 1923, a wajen mita 100, tashar Deloy mai lamba 8AB ta yi kira. Fred Schnell, jami'in ƙungiyar a Hartford, mai lamba 1MO, ya amsa, Deloy ya ji shi. Jim kaɗan Reinartz, mai lamba 1XAM, ya shiga, shi ma aka yi magana da amsa. Dukan tashoshin uku da tsarin Reinartz suka yi aiki. Tazarar ta kusa mil 4,000, watau ya fi tafiyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano sau biyar, da wutar da ba ta taka kara ta karya ba idan aka gwada da ta manyan tashoshi.

Daga wannan dare sai kowa ya rugo ƙasa. Ba a cika shekara ba, cikin watan Oktoba, 1924, wani saurayi a London ya yi magana da wani makiyayin tumaki a New Zealand, watau ƙarshen duniya da ƙarshen duniya.

ASIRIN TSALLAKEN SAƘO

Reinartz bai tsaya murna ba. Akwai wani abin mamaki da ya dame shi. Idan ya sauka zuwa mita 40 ko mita 20, sai makusanta su daina jinsa, amma na nesa su ji shi tangaram. Wani zangon ya yi aiki da dare ya mutu da rana, wani kuma sai da rana yake tashi. A cikin 1924 ya yi ta aika saƙo a zango dabam-dabam, a sa'o'i dabam-dabam, yana tattara rahoton waɗanda suka ji shi da waɗanda ba su ji ba, yana rubutawa. Cikin watan Afrilu, 1925, ya buga sakamakon binciken nasa.

Bayanin kuwa shi ne, can sama, mil da yawa bisa inda gizagizai suke, akwai wani shimfiɗin iska da hasken rana ke cika shi da lantarki. Tun cikin 1902 masana biyu, Kennelly da Heaviside, suka yi hasashen yana nan. Saƙon gajeren zango yakan tashi sama ya bugi wannan shimfiɗi, ya karkato ya sauko can nesa, kamar ƙwallon da aka jefa wa rufin ɗaki a karkace. Wanda ke tsakanin inda saƙon ya tashi da inda ya sauka ba zai ji komai ba, domin ta kansa aka tsallake. Da yake rana ce ke sarrafa wannan shimfiɗi, tilas ne zangon da ya dace da tsakar rana ya bambanta da na tsakar dare. Abin da ya sa ke nan mai akwati a Ikko yakan kama London a mita 16 ko 19 da rana, amma da dare sai ya koma mita 31 ko 49. A farkon 1925 Reinartz ya gwada abin da ya faɗa, ya yi magana da Kalifoniya a mita 20 da rana tsaka, daga wannan gaɓar Amurka zuwa waccan.

Gaskiya ita ce ba shi kaɗai ya gano wannan ba. Marconi da injiniyansa Franklin suna nasu gwajin na gajeren zango a Ingila. Appleton, masani a jami'a, ya auna tsawon shimfiɗin a ƙarshen 1924, daga baya ma aka ba shi kyautar Nobel. Masanan sojan ruwan Amurka, Taylor da Hulburt, su ne suka fito da lissafin yadda ya kamata. Abin lura game da Reinartz shi ne, waɗannan suna da jami'a ko kamfani ko gwamnati a bayansu, shi kuwa ma'aikacin masaƙa ne da ke bincike bayan an tashi daga aiki, da kayan da ya saya da albashinsa.

Da fakon nan ya zama fadama, sai masu ƙarfi suka dawo. A taron ƙasashen duniya da aka yi a Washington cikin 1927, aka raba gajeren zango tsakanin gwamnatoci da kamfanoni da gidajen watsa labarai, aka bar wa 'yan sha'awa 'yan yankuna ƙanana, irin su mita 80 da 40 da 20. Wanda ya share gona ba lalle ne shi zai ci mafi yawan amfaninta ba.

TAFIYA ƘASAR ƘANƘARA

Cikin watan Yuni, 1925, wani shahararren matafiyi, Donald MacMillan, ya tashi daga Wiscasset a jihar Maine da jiragen ruwa biyu, Bowdoin da Peary, zuwa can ƙuryar arewacin duniya. Tare da shi akwai hafsan sojan ruwa Richard Byrd da jiragen sama uku. A da, duk wanda ya shiga wannan ƙasa ta ƙanƙara, sai ya dawo ake jin labarinsa, in ya dawo. Da bazara kuwa rana ba ta faɗuwa a can, ga shi dogon zango ba ya tafiya sosai sai da dare. Aka ɗauki Reinartz ya zama mai rediyon jirgin Bowdoin. Suka ya da zango a Etah, a arewacin Greenland, daga nan saƙo ya riƙa isowa Amurka ta gajeren zango a kai a kai.

Cikin waɗanda suka riƙa kama saƙonnin har da wani yaro ɗan shekara 15 a garin Cedar Rapids, mai suna Arthur Collins, wanda yakan karɓa da na'urar da ya haɗa da kansa ya miƙa wa Washington ta gidan waya. Wannan yaron ne daga baya ya kafa kamfanin Collins, wanda ya yi suna wajen ƙera rediyon jiragen sama. A cikin 1927 aka ba Reinartz muƙamin laftana a rundunar ko-ta-kwana ta sojan ruwan Amurka.

YAƘI NA BIYU

A cikin 1933 ya kama aiki da kamfanin RCA. A cikin 1938, sa'ad da hadarin yaƙi ya fara haɗowa a Turai, sojan ruwa suka kira shi. Aikin da aka ɗora masa shi ne ya nemo 'yan sha'awar rediyo da suka ƙware, a shirya su tun kafin a bukace su. Babu wanda ya fi shi dacewa, domin sun san sunansa tun suna yara. Sa'ad da Japan ta kai hari Pearl Harbor ran 7 ga watan Disamba, 1941, akwai dubbansu a shirye, waɗanda ba sai an koya musu bugun waya ko gyaran na'ura daga farko ba. Mutanen da aka taɓa kora zuwa bayan gari don suna damun sojan ruwa, su ne sojan ruwan suka dogara da su.

Sau biyu ke nan ƙasar da ta karɓe shi tana yaƙi da ƙasar da ta haife shi, sau biyu kuma yana tsayawa tare da wadda ya ci gishirinta. Daga baya ya yi aiki a ɗakin binciken sojan ruwa, sa'an nan aka mai da shi gaɓar yamma, inda ya kula da gyaran na'urorin hango jirage da ake sa wa jiragen saman yaƙin Pasifik. Ya koma RCA cikin 1946. Ya bar rundunar ko-ta-kwana da muƙamin kyaftin, wanda a sojan ruwa daidai yake da kanar a sojan ƙasa.

ƘARSHEN RAYUWARSA

A cikin 1949 ya ƙaura da iyalinsa zuwa Kalifoniya, ya shiga kamfanin Eimac mai ƙera ƙwan na'urorin aikawa, wanda shi ma 'yan sha'awa biyu ne suka kafa shi. Aka ba shi sashen da ke kula da 'yan sha'awa. Watau a shekarunsa na girma ya koma yin abin da ya fara da shi, yana amsa tambayoyin masu haɗa na'ura a gida, yana yi musu lacca. Lambarsa ta zama K6BJ. Ya yi ritaya cikin 1960, yana da rajistar ƙirƙira 28 da sunansa. A cikin 1964, sa'ad da ƙungiyar ARRL ta cika shekara 50, shi aka fara ba lambar zinariya mai sunan Maxim. Cikin wannan shekarar ya mutu, yana da shekara 70.

ABIN DA YA BARI

Hanyar da su Reinartz suka share ita ce manyan gidajen rediyo suka bi. BBC ta fara watsa shiri zuwa ƙasashen waje ta gajeren zango cikin watan Disamba, 1932, ta kuma buɗe sashen Hausa ran 13 ga watan Maris, 1957. Gidan rediyon Kaduna ya fara aiki cikin 1962. Muryar Jamus ta fara Hausa cikin 1963 daga birnin Kolon, wanda ba shi da nisa da Krefeld inda aka haifi Reinartz, shekara guda kafin mutuwarsa. Muryar Amurka ta biyo baya cikin 1979. Ta wannan hanya ce mai sayar da goro a Shagamu, da mai gadi a Ikko, da mahauci a Fatakwal, da ɗan'uwansu a zangon Kumasi ko a Sudan, suka riƙa jin harshensu a lokaci guda, da ɗan akwati mai batir huɗu.

Akwai abin tunani a nan ga duk wanda ke zaune a garin da ba nasa ba. Reinartz ya iso da harshen wani wuri, ya fara da santi goma a maƙera, aka kuma tura shi da abokansa inda aka ɗauka babu komai. Bai tsaya jayayya a kan rabon ba, ya duƙufa a kan abin da aka ba shi har ya gane abin da masu rabon ba su gani ba. Da ya gane kuma bai rufe a akwati ba, ya buga a mujalla don yaron da ke haɗa na'ura a wani gari ya amfana. Da yawa daga cikin waɗanda suka ci moriyar aikinsa baƙi ne irinsa, masu kasa kunne da dare don su ji yadda aka kwana a gida.